Katunan Makarantar Ronelle

Nashville, 3 ga Nuwamba

Yaya Verlie,

Gaisuwa mai yawa. Na ji mijinki Hobart ya warke, amma tarin da Baba ya kwaso a ramin haƙar kwal bai sake shi ba. Ni lafiya lau, ƙafafuna ne kawai ke kumbura saboda tsayuwar wanki a otal, ba abin faɗa ba ne.

Faifan waƙoƙin 'yata Ronelle ya fito. Wata tara tana fama da shi har ta rame. A ciki akwai waƙar uwar da ba ta iya rubuta sunanta ba. To, wani ɗan jarida ya rubuta wai ƙirƙira ta yi don 'yan birni su ji tausayi su saya. Da kaina na karanta da ɗan karatun da na koya da girmana, ina bi da yatsa, sau uku. 'Yar tawa ce maƙaryaciya?

Tun ranar ba ta ɗauki jitar da take kiɗa da ita ba. Ta ce, "Mama, ƙyale shi, shekara arba'in kina ɓoye abin nan." Na ce, "Ke dai ci abinci, kunyar ai tawa ce."

Yaya, duba gwangwanin biskit a ƙarƙashin gadona na can gida. Katunan sakamakon makarantar Ronelle na ciki, kowanne da alamar X ɗina a wurin sa hannu, don lokacin ban iya rubuta sunana ba. Ki aiko su da amsarki kafin sha biyar ga wata, ranar da za ta yi waƙa a rediyo. Har ofis zan kai wa ɗan jaridar nan, in tsaya a kansa ya karanta min su ɗaya bayan ɗaya.

Ƙanwarki,
Ozella