Notin da Ka Ɗaura wa Faifan Inna

Zuwa ga ƙanena Habu, a Jidda.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Tunda ba ka ɗaukar wayata, na rubuta a nan inda jama'a ke gani, ko wani zai kai maka.

Maganar faifan Inna ce. Ka san nan kaɗai muryarta ta rage: waƙar bikin da aka ɗauka a Omdurman, ita da 'yan amshinta, kana goye a bayanta. Da yaƙi ya kore mu daga ƙauye, na bar tukwane da katifa, na naɗe faifan a zane, na rungume shi har garin Damazin. A can Inna ta rasu. Ba ka zo ba.

Da muka dawo, garmahon Baba ya bi 'yan wasoso. Na samo wani irin na da a Hasahisa, wurin mai gyaran rediyo. Ya zube mini kawunan allura iri-iri, na ce ya ba ni wanda ba ya cin faifai. Ya nuna mini dunƙulen ƙarfen da ke bayan hannun garmahon: a murza shi har hannun ya tsaya a iska, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba, sannan a ƙara masa nauyi ɗan mitsitsi. Ni da ko zare ba na zurawa sai da tabarau, na wuni ina haɗa wayoyin kan allurar, sirara kamar gashi.

Na ɗora allura. Habu, shuuu kawai, kamar ana sheƙe dawa! Ganga can nesa, muryar Inna kuwa babu.

Ka tuna dalili? Ni na tuna. Kana saurayi kana yawo da garmaho gidajen biki, daga garin Hajj Abdalla har ƙauyukan hawasha, can gonakin ban-ruwa. In 'yan rawa suka buga ƙafa allura ta yi tsalle, sai ka ɗauko notin famfon ban-ruwa ka ɗaure mata a kai da roba. Baba ya sha faɗa maka, "Wannan huɗa kake yi, ba kiɗa ba." Sai ka yi dariya. Ka nome muryar uwarmu don 'yan mata su yi maka guɗa.

Na ɗauki faifan na kai wa mai gyaran rediyon. Ya karkata shi a rana, ya ce kalas, shi ke nan, babu allurar da za ta dawo da abin da aka kankare.

Amma ka san halinka. Ganga na tsayawa kake ɗage hannun, wai kada fili ya yi sanyi, don haka ƙarshen faifan bai taɓa ɗanɗana notinka ba. Jiya na bar shi ya juya har can. Sai ga kukan jariri, tas. Sai ga Inna, kamar tana tsakar gida: "Yi shiru, Habu, ga ni."

Abin da ya rage mini ke nan. Ni na yi jinyarta, ni na wanke ta, amma sunanka take kira. Wallahi na ji haushi, har yanzu ina ji. Duk da haka na sake sawa, domin kukan naka ma na yi kewarsa.

Ba zan turo maka ta waya ba. In kana son ji, ka san hanyar gida.

Allah Ya jiƙan Inna da Baba, Ya haskaka makwancinsu. Kai kuma Allah Ya kawo ka kafin allurata ta cinye sauran.

Yayarka,
Hajo