Gyaɗar Mama Magdalena

Litinin, 8 Nuwamba 1954

Aikina na farko tun da na gama makaranta. Malam Na'Allah, babban malamin duba amfanin gona, ya tura ni bayan kasuwa in duba gyaɗar matan Rijau. Buhu ashirin, sun tara a ɗakin shugabarsu, Mama Magdalena. Ƙa'ida: in lalatacciya ta wuce biyar cikin ɗari, kamfani ba zai saya ba. Noman shekararsu ke nan.

Namiji baƙo ba ya shiga ɗakinta. Na tsaya gindin tsamiya, na ce a ɗebo mini kaɗan daga kowane buhu. Ta miƙo ƙoƙo ba ta ko dube ni ba.

Ƙwaya ɗari, lalatattu goma sha tara. Na sake ƙirgawa. Sha tara.

Talata, 9

Ban kai rahoto ba. Ƙwaya ɗari ta yi kaɗan, kuskure zai iya shiga. In na ninka sau huɗu, kuskuren ya ragu da rabi. Haka aka koya mana. Amma sha tara ba ta dawowa biyar, ko na ƙirga dubu.

Asabar, 13

Zazzaɓi. A gindin tsamiyar jiri ya ɗebe ni, ƙwayoyin suka watse.

Laraba, 17

Kullum sai Mama Magdalena ta aiko da kunun gyaɗa. Yau da kanta ta zo. "Kai, Malam Gwamnati, uwarka ta san ka rame haka?" Na ce Inna ta rasu ina makaranta. Ta gyara mini mayafi, ta ce in shanye.

Litinin, 22

Na koma, na nemi ƙwaya ɗari huɗu. Ta daɗe a ciki. Ɗari huɗu, babu lalatacciya ko ɗaya. Manya, jajaye, sumul.

Ba ya yiwuwa. Buhu bai canja ba. Wanne zan rubuta, sha tara ko sifiri? Motar da za ta kai buhunan Zungeru ranar Jumma'a take tashi.

Talata, 23

Na tambaye ta yadda take ɗiba. Dariya har da riƙe ciki.

"Ranar farko ai na ɗauka haraji ne. Abin da gwamnati ta karɓa yana dawowa? Na ba ka wadda muka tsince don kaji."

"Jiya fa, Mama?"

"Jiya ɗana ne ya tambaya. Zan ba ɗana ruɓaɓɓiya?"

Na yi ta bayani: ba mai kyau nake so ba, ba mara kyau ba, wadda hannu ya faɗa a kai kawai. Ta ce hannunta ba makaho ba ne. Sai ta ɗaga labule. "Shiga ka ɗiba da kanka. Ɗa ba baƙo ba ne."

Na ce in ta wuce biyar, haka zan rubuta. Ta ce, "To in ba haka ba, me za ka rubuta?"

Laraba, 24

Ƙwaya ashirin daga kowane buhu, sama, tsakiya da ƙasa, idona a rufe. Mata sun kewaye tabarma, wata mai suna Rose tana tsokanata wai na zama malamin duba. Lalatattu goma sha uku cikin ɗari huɗu. Uku da kwata cikin ɗari.

Na faɗa musu. Guɗa ta tashi. Ni dai na rubuta adadin a rahoto.

Jumma'a, 26

An loda buhunan. Malam Na'Allah ya ce wata mai zuwa akwai gurbin aiki a Zariya, in ina so. Na ce zan yi tunani. Akwai sauran aiki a nan, yadda ake ɗibar gyaɗar gwaji bai daidaita ba tukuna. Dalilin ke nan.

Mama ta ce Lahadi in zo da yunwata.