Fadamar Inna Inkeri

Litinin, 24 ga Yuli
Alhamdu lillahi, hilla ta nuna, 'ya'yan tsiron nan masu daraja da ke fitowa a fadamun ƙasar mijina. Bokiti guda muka cika ni da surukata, Inna Inkeri, a fadamar da ta shekara arba'in tana ɓoyewa. Sauro sun ci rabonsu.

Talata, 25 ga Yuli
Na yi ɓarna. Tauno maƙwabcinmu ya tare ni a kanti: "Matar Erkki, ina kuka samo irin wannan hilla?" Kowa a nan in an tambaye shi cewa yake "can cikin daji." Ni kuwa bakina bai iya ƙarya ba. Na faɗa masa: bayan tafki, inda dogayen itatuwa suka ƙare. Har da dutsen da ake karya kwana a wajensa!

Laraba, 26 ga Yuli
Ban gaya wa Inna ba. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan kafin ta yarda ta kai ni.

Juma'a, 28 ga Yuli
Bayan azahar na sami Inna tana dafa kofi, na faɗa. Ta ajiye butar.
"Da dutsen?"
"Da shi, Inna."
Can sai ta ce in miƙo sukari. Gara ma ta zage ni.

Lahadi, 30 ga Yuli
Kai, Allah na gode! Tauno ya shigo, taɓo har gwiwa, bokiti wayam. Kudu ya nufa, ya ba tafki baya, yini guda. Wai tunda na ce bayan tafki, ya san ba can ba ne.
"Kin koya mata sharri, tsohuwa. Ko ido ba ta ƙifta ba!"
Inna ta yi dariya har da tari. Na ce wallahi gaskiya na faɗa. Ya ce, "Ji ta, har yanzu!"

Laraba, 2 ga Agusta
Yau Inna ta ce in sa dogayen takalma. Muka wuce tafki, muka wuce dutsen, muka haura inda itace ba ya kai gwiwa, sai farar gansakuka tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin ƙafa. A bayan wani tudu ga wata fadama, jawur da hilla. Ashe waccan ta gwaji ce.
"Mai gaskiyar da ba a yarda da ita, ai ta fi makulli," in ji ta.
A hanyar dawowa mun ji mota. Kafin Inna ta juyo na riga na rufe bokitin da gyalena. Ba ƙarya na yi ba dai. Ƙura ce nake karewa, ina jin.