Barden Alhaji

Alhamis da dare, Al Ras

Yau Alhaji, maigidan da nake wa aiki a nan ƙasar Larabawa, ya sayo zanen hoton wani barden Ingila na zamanin da, sanye da sulke, wai na falonsa na Kano. Ya miƙo mini takardar da ta zo da shi.

"Malam, kai ne mai digirin tarihi. Yalla, maza duba mana."

Na karanta a zuci. Ƙauye uku mutumin ya mallaka, biyu daga ciki albarkacin wata bazawara da ya aura. Rayuwarsa a kotu ta ƙare, yana shari'a da ƙaninsa a kan wurin niƙan hatsi. Da sarki ya kira yaƙi, wani ya tura a madadinsa. Bai bar ɗa namiji ba, surukinsa ya kwashe komai.

"Yaƙi nawa ya ci?" in ji Alhaji.

Bizata wata mai zuwa za ta ƙare, kuma sa hannunsa take jira.

"Bakwai, ranka ya daɗe."

"Ai na gani a idonsa. A sa shi a kwantena."

Shekara ashirin na yi ina koyarwa a Zariya, ban taɓa ƙara wa kowa yaƙi ko ɗaya ba. Yau na ba wannan ragon bakwai, kuma ni na naɗe shi a kwali.