Ki Je Ki Ƙwanƙwasa Ƙofar Malaminki

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan wasiƙa za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke 'yar Inna, 'yata ta fari. Mutanen Makoda duk suna gaishe ki. An gama girbin gero, saura gyadar gonar bayan gari, wadda bana ba ta ga taki ba sai ɗan na dabbobi, don na buhu ya fi ƙarfinmu.

Fata na yi, ban tambaye ki ba, saboda na san amsar. Wata tara ke nan da tafiyarki Turai, duk Juma'a idan mahaifiyarki ta miƙo mini waya abu ɗaya nake ji daga bakinki: lafiya lau. Ni ma in ce madalla, in mayar mata da wayarta. Haka muka saba, uba da 'yar fari, kowa yana kunyar kowa. Shi ya sa na rubuta a nan shafina na intanet, inda na san kina leƙowa. Ban faɗi garinku ko makarantarku ba, kada ki ce na tona ki.

Shekaranjiya Hajiya Binta, 'yar Rimin Gado ɗin nan da take aikin jinya a garinku, ta kira mahaifiyarki. Ta ce takardar izinin zamanki za ta ƙare a ƙarshen watan nan, kuma ba za a sabunta ta ba sai malamin da yake duba bincikenki ya sa hannu cewa kina kan karatu. Ta ce tun ranar da ya maido miki da babin farko cike da gyara ba ki sake taka ofishinsa ba. Wai kina jira ya aiko a kira ki.

Jiya a gona na tsinci kaina ina tuge gyadar da ba ta nuna ba. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Idan watan nan ya mutu ba sa hannu, jirgi za su sa ki, ki dawo da akwati ba takardar shaidar karatu.

Kuma na san wanda ya koya miki wannan jiran. Ni ne na ce kada ki kalli babba ido cikin ido. Ni ne na ce ba a fara yi wa malami magana, ba a zuwa inda yake sai ya nema. Na tuna kina aji uku a sakandare aka manta da sunanki wajen rabon littattafai, kika yi zango guda kina kwafa daga na ƙawarki, ba ki ce uffan ba. Da labarin ya fito, mata suna ta cewa 'yar Malam Ado akwai kunya, ni kuwa har wani daɗi na ji. Ya kamata a ce tun ranar na tsorata.

Yanzu bari in gaya miki abin da ko mahaifiyarki ba ta sani ba. Kin taso kina jin cewa an taɓa tura ni Indiya kwas ɗin injinan noma, na dawo saboda abincinsu bai karɓe ni ba. Ƙarya ce, abincinsu har ƙari nake yi. Turancin malaminmu ne ba na kamawa, yana zuba kamar ruwan Agusta. Duk ƙarshen darasi sai ya tambaya ko mun gane, ni kuma in sunkuyar da kai in gyaɗa, don a wurinmu ce wa malami ba ka gane ba kamar ka ce bai iya koyarwa ba ne. Shekara guda ina gyaɗa kai. Ranar da aka kafe sakamako na ga na faɗi, malamin ya kira ni, ya ce ƙofarsa a buɗe take kullum, bai taɓa ganina ba, ya ɗauka karatun ne ba na so. Ko a lokacin ban ɗago kai ba.

Na sauka a tashar Makoda da akwatin ƙarfe, Inna kakarki ta rungume ni tana cewa tunda ka dawo da rai ai shi ke nan. Na bar ta a kan haka har ta koma ga Allah. Duk lokacin da tarakta ta lalace a garin nan aka ce a kira Malam Ado ai ya je waje, sai in ce ƙafata tana ciwo.

To ki saurare ni, ni da na faɗa ramin kafin ke. A can shiru ba ladabi ba ne. Wanda bai zo ba, cewa suke ba ya buƙata. Gyaran da ya cika miki takarda da shi ba zagi ba ne, alama ce ya zauna ya karanta. Gobe da safe ki aika masa saƙo gajere, ba sai kin tambayi iyalinsa da gajiyarsa ba. Ki ce kina neman ganinsa cikin makon nan, ki faɗi ranar da takardarki za ta ƙare, don wataƙila shi bai ma sani ba. Idan ya ce ƙarfe goma, ƙarfe goma yake nufi, ba da hantsi ba. Ki riga shi zuwa.

Idan kin shiga kada ki durƙusa, zai rikice ne kawai. Ki zauna a kujerar da ya nuna miki, ki dube shi. In idonsa ya yi miki nauyi ki kalli goshinsa, ba zai bambance ba. Inda ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba, ya maimaita, aikinsa ke nan.

Daga nan kada ki wuce ɗaki. Kowace jami'a tana da ofishin da yake kula da ɗaliban ƙasashen waje, ki je ki ajiye musu maganar takardar tun kafin ranar ta matso. Ki tafi da fasfo da duk abin da suka ba ki, ki ɗauki hoton kowace takarda a waya, ki turo wa Hajiya Binta ta ajiye. Ita ma ki daina yi mata kara. Ta ce sau uku tana ba ki rigar sanyi kina cewa a'a kin gode, kina jira ta matsa miki kamar yadda ake yi a gida, ga ki kina tari. Ita ta daɗe a can, ta manta da matsawa. Ki karɓi rigar, ki kuma je a duba tarin nan.

Ban ce ki zubar da tarbiyyarki ba. Ki riƙe sallarki da mutuncinki, waɗannan ko'ina suna ci. Kunyar da za ta dawo da ke hannu wofi ce nake roƙon ki ajiye a bakin ƙofar mutumin nan, in kin fito ki ɗauki abarki.

Allah ya buɗe miki baki, ya sanyaya zuciyar malaminki a kanki, ya tsare ki daga irin dawowar da na yi. Allah ya nuna mana ranar da za ki sauka a tasha da takardarki a hannu.

Ranar Juma'a ni zan kira da kaina, kuma ba zan karɓi lafiya lau ba. Shekara ashirin da shida ban taɓa kiran sunanki ba, sai dai ke, sai 'yar Inna. Ga shi yau zan rubuta shi a gaban kowa. Rukayya. In ni na iya wannan, ke ma za ki iya ƙwanƙwasa ƙofa.

Mahaifinki,
Malam Ado