Albasar da Ba Ku Gani Ba a Sabiyal

Zuwa ga Jagoran Ayarin Masu Duba Gonakin Albasa,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka, ina yi maka sannu da hidimar sabuwar jiharmu. Ni manomi ne a Sabiyal, ƙasar Aliero. Da wuya ka tuna ni, amma ni ne na zuba maka ruwa ka wanke hannu ranar da kuka zo mana a ranin da ya wuce.

Tun da aka ba mu jiha nake mafarki ido biyu. In na zauna gindin giginyar da ke bakin fadamar mahaifinmu da hantsi, sai in ga ruwa yana bin fangali ɗaya bayan ɗaya ba mai jan guga, ganyen albasa ya miƙe shar har inda ido ya tsaya, manyan motoci sun jeru tun daga Jega suna jiranmu. Nakan ma ji ƙamshinta a hanci. Sai ƙuda ya sauka mini a fuska in farka, in tarar da abin da ke gabana: ganye ya yi tabo ya kwanta, wadda muka samu muka cire kuma, in an zuba ta a rudu, wato rumbun karan da muke ajiya, wata ba ya cika sai wari. 'Yan shekarun nan haka muke fama. Shi ya sa da aka ce kuna tafe ku ga ciwon don a kawo magani, na ce to, mafarkin ya kamo hanya.

Ga kukana.

Na ɗaya, motarku ta tsaya ne a gonakin bakin hanya, waɗanda ke kan tudu, inda iska ke ratsawa. Tamu tana can kwari, sai an tuɓe takalmi an tsallake laka. Ciwon a kwari yake. Na tsaya ina kallon takalmanku, na ga ba na tuɓewa ba ne.

Na biyu, waɗanda aka tsayar su yi muku bayani masu manyan riguna ne, waɗanda ko albasa ta ƙi suna da gero da shanu. Ba su yi ƙarya ba, tasu lafiya take.

Na uku shi ne wanda ya fi ci mini rai. Mu nan ba ma nuna wa baƙo ɓarna. Jajibirin zuwanku aka share ƙofar gari, kowa ya tsinto manyan albasarsa aka jera a faifai. Yayana Sani ya ɗauki zana ya rufe rudunmu mai wari. Da na yi magana ya ce, "Mi za mu gwada musu, ruɓa? Su tahi birni su hwaɗi mutanen Sabiyal ba su iya noma ba?" Haka muke yi wa buhu ma, manya a baki, kuma ba wanda ke kiran wannan zamba, domin duk mai saye a kasuwar Aliero ya san sai ya cusa hannu har gwiwar hannu kafin ya yi ciniki. Mun ɗauka ku ma za ku cusa. Ranka ya daɗe, kun ɗauki hoton faifai, kun auna uku mafi girma, kun ci tuwo, kun yaba, kun tafi. Zanar nan tana bayanka, taku kaɗan, ko ɗaga ta ba a yi ba.

Bayan sallah muka ji a rediyo cewa samfurin da aka ɗauka ya nuna albasar yankinmu lafiya lau take, maganin za a kai wani wuri. Na ji kamar an yi mini rasuwa kuma ana yi mini barka.

Ƙanin matata, Malam Haruna, yana koyarwa a Maiyama. Da na ba shi labari ya ce ai Turawa sun sa wa wannan abu sunaye. Akwai na mai tsinke nunannun 'ya'yan itace ya ce haka bishiyar take duka. Akwai na mai tambayar waɗanda ke kusa da hannunsa kawai don gudun wahala. Akwai kuma na mai ƙirga waɗanda suka tsira ya manta da waɗanda suka mutu. Ya faɗa mini su da Turanci, daɗin ji gare su kamar sunayen garuruwa masu nisa, amma kafin in kai Jega a kan keke sun zube mini a hanya. Abin da ya rage mini shi ne mamaki: ashe a littafanku an san ciwon har an raɗa masa suna, kuma duk ukun aka yi mana a wuni guda.

Yanzu ga inda magana ta tsaya. Yaya Sani ya ce in lokacin yafa iri ya zo ba magani, zai sayar da fadamar ga wani ɗan kasuwa a unguwar Magaji da ke Jega. Shi ne babba, ba ni da bakin hana shi. A fadamar nan mahaifinmu ya koya mana dashe, kuma ba ni da wata ƙasa da ruwa ke kwana a cikinta.

Roƙona, ku dawo kafin damina ta ɗauke. Ku zo da takalman shiga laka. Ku bar direba ya nuna gonar da za a shiga, shi da bai san kowa ba. Ku buɗe rudu da hannunku.

Kuma don Allah kada ku aiko cewa kuna tafe. In muka ji, wallahi za mu sake shara, mu sake jera muku manya a faifai, ni ma da hannuna a ciki, fadamar kuma ta tafi.

Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya sa ka gama aikinka lafiya, ya albarkaci zuriyarka.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Umaru, ƙanin Sani,
Sabiyal.