Matashin Bayan Babur

Litinin, 5 ga Yuni

Yau ma haka. Daga unguwarmu Tampuy zuwa unguwar Gungin, ina bayan babur ina kallon ƙeyar mijina Rasmane. Na san ƙeyar nan fiye da fuskarsa. Furfura ta gefen hagu ta fara, ga ɗan tabon da ya samu tun yana yaro. Duk tsawon hanya kalma ɗaya ya furta, wajen ramin nan na gaban gidan mai: "Riƙe." Ya miƙo hannun hagu baya ya dafa gwiwata, muka wuce ramin, ya janye abinsa. Shekara ashirin da 'yan kai kenan. Ya sauke ni a ƙofar kantin maganin da nake aiki ya ce sai yamma, na ce sai yamma.

Alhamis, 8 ga Yuni

Tun da 'yarmu Nafi ta tafi karatu garin Bobo, gidan nan ya koma kamar ɗakin jiran likita. Tuwo, miyar kuka, rediyonsa, barci. Ba faɗa muke yi ba. Da ma faɗa ne, da na san ƙarar da zan kai wa Inna. To in ce mata me? Ba ya zagina, ba ya bin mata, cefane bai taɓa yankewa ba, ni kuma ji nake kamar in tsaya tsakar gida in kurma ihu.

Asabar, 17 ga Yuni

Madam Pare, wadda muke tsayawa kanta ɗaya, 'yar Samo ce, don haka ba ta da aiki sai tsokanar mu Mosi, abokan wasansu. Ta ga an sauke ni, ta ce, "Baiwata, ke kaɗai kika rage a Wagadugu da ake ɗaukowa kamar buhun gero." Na ce ta rufa mini baki, su da jiya-jiya suka sauko daga kan jaki. Muka yi dariya. Can ta ce, "Lizeta, kwasar adashi taki ce wannan watan. Sayi naki babur ki ga gari da idonki, ba ta gefen kunnen wani ba."

Maganar ta bi ni har gida.

Lahadi, 18 ga Yuni

Na gaya masa. Wallahi so na yi ya ce a'a. So na yi ya ɓata rai ya ce, ni na ce miki na gaji da ɗaukarki? Sai ya rage muryar rediyo, ya yi ɗan tunani, ya ce, "Kada ki sayi ja, Maman Nafi. Ja saurin koɗewa gare shi."

Asabar, 24 ga Yuni

Ja na saya.

Talata, 4 ga Yuli

Kai, ashe garin nan faɗi gare shi. Da aka tashi aiki ban nufi gida ba, na bi ta bakin madatsar ruwa, na tsaya na sha zomkom, ruwan geron nan mai sanyi, a wajen wata mata, iska tana kaɗa mini ɗankwali. Ni kaɗai ina murmushi kamar wata sabuwar budurwa. Na dawo da labari cike da bakina, na zuba masa duka, har da ɗan sandan da ya ce mini "Hajiya a hankali." Ya ce, "To, madalla." Ya tambaya ko na duba mai.

Alhamis, 13 ga Yuli

Ina wanke-wanke abin ya faɗo mini. Tun ranar da na hau jan babur ɗin nan hannun Rasmane bai taɓa jikina ba. Na tsaya da kwano a hannu ina tunani, kafin nan fa? Kafin nan ma babu, sai dafa gwiwar nan ta wajen rami. Ashe ita kaɗai ta rage mana, ni kuma na je na sayar da ita da kuɗin adashi.

Ban ci tuwo ba. Bai lura ba, ko ya lura ya yi shiru, ban san wanne ya fi ciwo ba.

Juma'a, 14 ga Yuli

Matashin yana nan a bayan babur ɗinsa. Wanda ya ɗaura mini da robar taya lokacin ina da cikin Nafi, bayana yana ciwo. Duk sallah nake sake masa riga da ragowar atamfa. Kullum da safe sai na saci kallo in ga ko ya kwance shi. Bai kwance ba. Muddin yana nan, to wurina yana nan.

Litinin, 24 ga Yuli

Yau na bar shi ya riga ni fita, na bi shi daga nesa, ban san abin da nake nema ba. Da ya iso ramin gidan mai ya rage gudu, sai na ga hannun hagu ya tafi baya. Ya laluba, babu kowa. Ya dafa matashin, ya ɗan bar hannun a kai, sannan ya mayar kan kambu.

Na faka a gefen mai sayar da wake da shinkafa na yi kuka har matar ta miƙo mini ruwa tana cewa, "Rasuwa aka yi, yaya?" Na ce a'a, ƙura ce.

Da yamma na shirya maganar tsaf. Na zauna gabansa, na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "A ƙaro miya?"

Laraba, 2 ga Agusta

Na gaya wa Pare. Ba ta yi tsokana ba, abin da ya fi ba ni tsoro kenan. Ta ce, "Ku Mosi girman kai zai kashe ku. In bakinki ba zai iya ba, zare hular filogin babur ɗinki gobe da safe, ki ce ya ƙi tashi. Dole ya ɗauke ki." Ta nuna mini wurin a nata.

Alhamis, 3 ga Agusta

Na yi. Na sa turaren da ya kawo mini daga Kumasi shekarun baya, na tsaya ina ta buga babur ina tsaki. Ya fito, ya durƙusa da kayan aikinsa a jiki, ko minti bai yi ba ya gano. Ya mayar da hular, ya buga, babur ya tashi.

Bai miƙe nan da nan ba. Ya ɗago ya dube ni, irin kallon da na manta yana da shi, ya ce, "Wannan ba ta zarewa da kanta, Lizeta."

Lizeta. Rabon da ya kira sunana tun Nafi tana rarrafe.

Da na ce masa ka ɗauke ni, da shi kenan. Da shi ya ce hau, da shi kenan. Muka tsaya injin yana ta kuka tsakaninmu, kowa yana jiran ɗan'uwansa. Sai na ji bakina ya ce, "Ƙila yaran maƙwabta ne."

Ya ce, "Ƙila." Ya goge hannu, ya tafi maɗaba'arsu.

Juma'a, 4 ga Agusta

Pare ta tambaya. Na ce ya gyara. Ta ce, "Allah ya shirye ku ku biyun."

Lahadi, 20 ga Agusta

Na fito shara na ga bayan babur ɗinsa fayau, baƙar kujera kawai. Na juya, sai ga matashin a kan nawa, an ɗaure shi da sabuwar roba, ɗauri mai kyau, irin nasa.

Yana alwala a bakin famfo, bai juyo ba ya ce, "Na ga kina dafe baya in kin sauko."

Ya ga ina dafe baya. Yana gani, ashe duk yana gani. Na ce na gode. Na shiga ɗaki na toshe bakina da zane don kada ya ji. Mutumin nan yana sona, na rantse yana sona, kuma yau da hannunsa ya kwashe mini kayana daga wurina.

Juma'a, 1 ga Satumba

An cike ramin gaban gidan mai. Kwalta sumul, kowa yana sa albarka.

Talata, 12 ga Satumba

Matashin yana da daɗi, gaskiya, bayana ya daina ciwo. Ranar Asabar za mu je Lumbila cin kifi da su Pare, ban ma tuna na gaya masa ba sai yanzu.

Da safe danja ta tsayar da mu gefe da gefe, ni da shi, ba shiri. Na ga fuskarsa yana tuƙi, karo na farko a rayuwata. Ashe yana ɗan cije leɓe. Ya tsufa. Ya gan ni, ya ɗaga mini kai kamar yadda ake gaida maƙwabciya, wuta ta ba da hannu, ya yi mini alama in wuce. Na wuce.

Sai da na faka a ƙofar kanti na cire hular kwano sannan na tuna ban duba madubi ba ko sau ɗaya.

Ba komai ba ne. Hanya ce ta cika.